Rigar da Baba Ya Ɗinka wa Ordinatar

Yanzu idan mutum ya ratsa kasuwar Wadata a Yamai zai ga samari a jere ƙarƙashin rumfunan kwano, kowa da tulin na'urori a gabansa, cikinsu a buɗe kamar an feɗe awaki. Suna cire prosesa su sa wani suna amsa waya da kafaɗa, suna tsokanar mai shayi, ba sa ko duban abin da yatsunsu ke yi. Na ga irin wannan a Legas, na gani a Dubai, na ga wanda ya fi shi a ƙasar Sin, inda mata ke zama a layi cikin fararen riguna suna yin aikin nan tun safe ba mai cewa uffan. Amma a bazarar da nake aji na biyu a koleji, lokacin da ordinatar, wato kwamfuta, ba ta wuce ofisoshin unguwar Filato masu sanyi ba, a duk unguwarmu guda ɗaya ce, a ɗakinmu take, kuma a mace take. Wata Lahadi ta watan Mayu na zauna a tabarma da hantsi na buɗe cikinta. Ga sabon prosesa a gefena cikin gwangwanin madara, mahaifina kuma yana bakin ƙofa yana guga, ya ba ni baya.

Mu mutanen Tasawa ne. Can aka haife ni, can na koyi korar tsuntsu daga gero da gwangwani mai tsakuwa, can na yi langa har gwiwoyina suka yi tabo. Da Inna ta rasu, Baba ya bar ƙannena mata wurin kakarmu, ya ɗaure keken ɗinkinsa a saman mota, ya taho da ni Yamai. Muka kama ɗaki ɗaya a gidan haya na wata tsohuwa Bazabarmiya da kowa ke ce wa Nya. Gidan yana da famfo ɗaya a tsakar gida da bishiyar bedi wadda awakin Nya suka cinye wa ɓawo. Yaran gidan da Zabarmanci suke wasa, a lakwal kuma, wato makarantar boko, Faransanci ne, Hausar da suke yi a kasuwa idan na amsa musu da tawa sai su yi ta maimaita maganata suna dariya. Sukan ƙera motoci da waya da murafen kwalba su ja su har bakin titi, ni kuma in tsaya jikin bedi da bokitin ruwa ina kallo. Ba wanda ya taɓa korata, ba kuma wanda ya taɓa kirana.

Ni ne ɗan fari, don haka Baba ba ya kama sunana. A Tasawa ban taɓa jin nauyin wannan ba, saboda gida cike yake da masu kiran sunan. A Yamai sai ya zama mu biyu ne a ɗaki, ɗayan kuma al'ada ta hana shi kirana da hira da ni. Idan yana son abu sai ya ce "kai", ko ya yi gyaran murya. Bayan an tashi lakwal nakan wuce shagonsa a Wadata, in zauna kan wani ɗan benci in ɗinka maɓalli, in hura gawayin dutsen guga, in je Babbar Kasuwa sayo zare idan wani launi ya ƙare. Da yamma mu dawo, shi a gaba ni a baya. Mu ci abin da muka sayo a hanya, ya kunna rediyo, rediyon ya yi mana maganar da ba mu yi.

Mutum ɗaya ne ke shigowa ɗakin nan da hayaniya, Kawu Sani, ƙanen Inna, wanda ke tuƙa motar wani ofishin Anasaru a Filato. Shi ke kiran sunana tun daga ƙofar gida, shi ke murɗe mini kunne ya tambaye ni ko na yi budurwa. Da ofishin nasu ya tashi, aka rarraba wa ma'aikata kayan da ba za a ɗauka ba. Wasu suka samu kujeru, wasu firiji, shi kuma Kawu ya zaɓi ordinatar, abokansa suna ta yi masa dariya wai ya ɗauki abin da ba a ci ba a zama a kai. Ya kawo ta a amalanke, akwatin ƙarfe mai launin toka da allon gilashi mai ƙaton ƙeya, ya ɗora a teburin yankan Baba na gida. Ya nuna mini ɗan abin da ya gani sakatarori na yi, yadda ake kunnawa, yadda ake rubutu a goge, yadda ake kashewa ba a fizge waya ba. Ba da daɗewa ba ya samu aikin tuƙin babbar mota a Kwatano. Ranar da zai tafi ya dafa akwatin ya ce mini, "Amana ce na bar maka. In na dawo in iske ta da rai."

Ita ta zama abokiyata, ba wani abin ɓoyewa a nan. Ranakun da babu lakwal da yamma, kafin in tafi shago, nakan rufe ƙofa in kunna ta. Sai ta yi 'yar ƙara ɗaya siririya, fankar cikinta ta soma gunji a hankali, ɗakin ya daina zama kango. Na rubuta sunayen ƙannena, na rubuta sunayen unguwannin Tasawa da na gonakinmu, na kwafe darussan Faransanci ba don an sa ni ba. Akwai wani wasan karta a ciki wanda mutum ke yi shi kaɗai, na yi shi har na iya shi kamar Fatiha. Na girma na zauna a garuruwan da ban san kowa ba, ɗakunan otal a Liyon da Kazabalanka, kuma har yau idan na shiga ɗaki shiru abin da kunnena ke fara nema shi ne gunjin wata na'ura.

Baba bai taɓa taɓa ta ba. Yakan dube ta ta gefen ido, ya dube ni, ya ci gaba da lazimi. Sai wata safiya na farka na gan shi tsaye a kanta da metir ɗinsa na awo a wuya, yana auna tsawo da faɗi da kauri, yana motsa leɓe kamar yadda yake yi wa mai babbar riga. A gidanmu duk abin da ke da daraja riga gare shi. Alƙur'ani yana cikin gafaka, rediyo yana da rigarsa mai aljihun batir, keken ɗinki ana lulluɓe shi kowace yamma, har fitilar hannu Baba ya yi mata kube. A wurinsa barin abu mai tsada tsirara rashin mutunci ne, ga ƙura, ga idon masu leƙe.

Da ya kawo rigar bayan kwanaki, nan take na gane yadin. Atamfar Inna ce. Shuɗiya ce mai zanen tsuntsaye ruwan goro, ta saye ta don Sallah ta ba shi ya ɗinka mata. Shi kuma, kamar kowane tela, ya ce bari ya sallami mutane tukuna, na gida ba ya ɓaci. Sallah ta wuce, ciwo ya zo, ba a ɗinka ba. Da aka raba kayanta ya hana a taɓa wannan turmin, ya sa shi a ƙasan akwatinsa, muka zo da shi Yamai. Shi ne ya yanka. Ya yi wa rigar shafi, ya sa soso a tsakani don kada wani abu ya bugi na'urar, ya yi mata zif a baya, ya bar 'yan ramuka daidai wayoyi, a gaba kuma ya yi ɗan murfi mai maɓalli inda ake kunnawa. Ta zauna a jikin akwatin cif, ko yatsa ba ya shiga. Ya sa mata da kansa, ya shafa saman da tafin hannu, ya ce kada in riƙa cirewa, ɗinkin zai saki. Ban taɓa jin ya yi doguwar magana a kan wani abu nawa kamar wannan ba. Ni ma ban san cewa akwai laifi a ciki ba, murna na yi.

Sai bazara ta shigo. Wanda bai yi Afrilu a ɗakin kwano a Yamai ba, ban san yadda zan kwatanta masa ba. Na yi zafin Dubai, amma can gudu ake yi daga sanyi zuwa sanyi, nan kuwa zama ake yi a cikinsa. Na'urar ta soma tsayawa cak ana cikin rubutu, sai na kashe na jira. Gunjin fankar ya canza, ya koma kamar na mai mura, daga baya na daina jin sa sosai, na ɗauka soson rigar ne ke danne shi. Nya ta leƙo wata rana ta gan ni ina yi wa akwati fifita da mafici, ta yi dariya har da riƙe ƙugu, ta ce da Hausarta mai karkata in jiƙa buhun algarara in naɗa mata kamar randa. Allah ya taimake ni ban bi wannan ba. Amma rigar ban cire ba. Wata azahar ina tsakiyar rubuta sunan ƙanwata sai na ji wari kamar an ƙona roba, allon ya yi baƙi. Na danna, na sake dannawa. Ba ƙara, ba gunji.

Akwai wani mai gyaran talabijin kusa da Babbar Kasuwa, mutumin Togo, ana ce masa Metir Kosi, don duk ƙwararren mai sana'a Metir ake ce masa. Na ɗora akwatin a ka da gammo na kai masa. Da ya ga rigar sai ya kira maƙwabcinsa ya zo ya gani, yana tambayata da Faransanci wa ya lulluɓa wa na'ura bargo a watan Afrilu. Ya zuge zif ɗin, ya kwance bis-bis, wato kusoshin murɗawa, da turnabis, ya nuna mini ciki. A tsakiyar wani faranti kore akwai wani ƙarfe mai haƙora kamar mataji, da 'yar fanka a kansa, ta cushe da burbushin zare da gashin yadi har ba ta juyawa. Ya ɓalle ƙarfen, ya ɗaga wani ɗan hannu a gefe, ya zaro wani abu mai faɗin kwalin ashana, ƙasansa cike da ƙafafu sirara ruwan zinariya. Ya ce wannan shi ne prosesa, shi ke yin duk tunanin, kuma yana zafi kamar dutsen guga idan yana aiki. Ƙarfe mai haƙoran, radiyata, shi ke tsotse zafin, fanka ta hure shi, iskar ta fita ta ramukan baya da na gefe. Rigar ta toshe ramukan duka. Ya ce ya dahu, kuma shi ba shi da irinsa, sai dai Kwatano ko Legas.

Na mayar wa akwatin rigarsa kafin in shiga unguwa. Da Baba ya tambaya da ido, na ce wani abu ne ya ƙone a ciki, ban ambaci rigar ba. Yaya zan ce masa atamfar Inna ce? Na je tashar manyan motoci na yi ta tambaya har na samu direban da ya san Kawu Sani, na ba shi saƙon baki da lambobin da Metir Kosi ya sa na haddace. Makonnin da suka biyo baya su ne mafi tsawo da na sani. Ina dawowa ɗaki in ga akwatin cikin rigarsa mai tsuntsaye, kyakkyawa, shiru. Kowace safiya Baba yakan kaɗe mata ƙura da gefen hannu kafin ya fita, kamar mai gaida marar lafiya.

Saƙon ya iso a hannun wannan direban, wani dogo mai jan goro a haƙora. Gwangwanin madara ne, a ciki prosesa an soke ƙafafunsa a baƙin soso, da sabon radiyata da fankarsa cikin safa ɗaya ta Kawu, da wani farin mai kaɗan a ƙullin leda. Ya tsayar da ni a inuwar motarsa ya karanto mini abin da mai sayarwa ya gaya wa Kawu, Kawu ya gaya masa, yana lanƙwasa yatsu. In taɓa ƙarfe kafin in taɓa abin. Kusurwar da aka gutsure ta bi kusurwar da aka gutsure. Kada in danna, shi zai faɗa da kansa. Man kuwa kamar ƙwayar dawa, kada in yi masa yawa. Na ƙarshe ya ce Kawu ya ce a maimaita mini sau biyu: a bar ta ta sha iska. Na ruga wurin Metir Kosi, na tarar da shagon a rufe, wai ya tafi gida jana'iza, kuma mutanensu idan suka tafi jana'iza ba a sa musu rana.

Haka na kai ga wannan Lahadin. Na cire rigar na ninke a gefe, na kwantar da akwatin a tabarma, na kwance shi da turnabis ɗin keken Baba na gida, wanda muka zo da shi daga Tasawa. Na tashi na dafa ƙafar keken ɗinkin da hannu biyu, tunda shi ne babban ƙarfen da ke ɗakin. Shekaru bayan haka, a wani ɗakin gyara a Liyon, aka ɗaura mini wata igiya a wuyan hannu don wannan dalilin, wato kada lantarkin jikin mutum ya ƙona na'ura, na tuna da keken na yi murmushi, Bafaranshen da ke koya mana ya ɗauka shi nake wa. Na ɗaga ɗan hannun gurbin, na cire mataccen, na zaro sabon daga soso ina riƙe da gefunansa. Na nemi kusurwar da aka gutsure, na daidaita, na saki. Bai faɗa ba. Gefe uku sun zauna, ɗaya ya tsaya a sama. Yatsana ya so ya danna, na tuna maganar direba na janye shi. Na ɗaga abin zuwa hasken ƙofa, na ga ƙafa ɗaya a can gefe ta karkace, ta jingina da 'yar'uwarta. Wataƙila a hanya ne, wataƙila ni ne wajen zarowa. Na gwada da farce, farcen ya fi ta kauri. Gumi yana ɗiga daga haɓata, ina kawar da kai kada ya faɗa ciki.

Ban ji lokacin da Baba ya ajiye dutsen guga ba, inuwarsa kawai na gani a kan tabarma. Ya tsuguna, ya miƙo hannu. Na ce sai ya taɓa ƙarfe tukuna. Ya dube ni, wannan ne karo na farko da na taɓa gaya masa abin da zai yi, sai ya juya ya dafa keken, ya dawo. Ya sa tabarau, ya karkata abin a haske kamar mai duba saƙar yadi. Ya zaro babbar allura daga gaban rigarsa, ya juya ta, ya zura ƙafar nan cikin kafar allurar, ya tayar da ita a hankali, ya duba ta wannan layi, ya duba ta wancan, ya ƙara taɓawa kaɗan. Ya miƙo mini. Na ɗora a gurbin, kusurwa da kusurwa, sai ya nutse da kansa ba ko sauti. Na kwantar da ɗan hannun har ya kama.

Na huda ledar na matso man a tsakiya. Baba ya ce wannan ɗan ɗigon me zai yi, ko keke ya fi shan haka. Na ce haka aka ce. Na ɗora radiyatan a kai daidai, ban ja shi ba. Akwai wani ɗan ƙarfe mai lanƙwasa kamar baka da ke ratsa tsakiyarsa, sai an maƙala shi a ƙugiya ta wannan gefe, sannan a danne shi da ƙarfi ya kama ta wancan. Na maƙala ɗaya, ɗayan ya fi ƙarfin yatsana, kuma ina tsoron turnabis ya zame ya kwarzane farantin. Baba ya sa babban yatsansa, wanda shekarun almakashi suka mayar kamar ƙaho, ya danna, muka ji ƙas. Na soke wayar fankar a wurinta, na hure sauran burbushin zaren da ke ciki, na mayar da murfi na ɗaure. Na kai hannu zan kunna, sai na lura rediyon Nya da ke tsakar gida ya yi shiru. An ɗauke kuran, ba wuta.

Muka zauna. Rana ta hau, kwano ya soma ƙara. Baba ya koma ya gama gugarsa, sannan ya shigo ya ɗauki rigar, ya kaɗe ta, ya zuge zif ɗin, ya nufi akwatin. Na san idan ta hau, sabon ma zai bi tsohon, kuma ba ni da fuskar da zan sake aika wa Kawu. Na san kuma abin da ke cikin yadin nan. Na ce, ina kallon tabarma, "Baba, rigar ce ta kashe ta. Ta toshe mata inda take shan iska."

Ya tsaya da ita a hannu, sannan ya ninke ta gida huɗu yadda yake ninke kayan mutane, ya ɗora a kan akwatin kayansa, ya ɗauki buta. Na ji ƙarar takalminsa har ƙofar gida, lokacin azahar bai ma yi ba. Ina nan zaune rediyon Nya ya farka da kiɗa. Na danna maɓallin. Fanka ta juya, 'yar ƙarar nan siririya ta fito, fararen haruffa suka hau allon. Abin da na yi makonni ina roƙo ya samu, kuma ba kowa a ɗakin da zan duba. Na yi alwala na yi salla a nan, na'urar tana gunji a bayana, ban ji daɗin da na zata ba.

Sai bayan la'asar ya dawo. Ya tsaya a ƙofa yana sauraro. Ya zagaya bayan teburin, ya kai tafin hannunsa daidai ramukan baya, ya bar shi a nan, iska mai ɗumi tana bugunsa. Ya matsar da hannun gefe, ya sami wasu ramukan inda iskar ke shiga, ya yagi ɗan zare ya saki, ya ga yadda ta ja shi. Sannan ya ce, ba ni yake kallo ba, "Na auna tsawonta na auna faɗinta. Ban nemi hancinta ba."

Ya ɗauko metir da alli. Ya shimfiɗa rigar a tabarma, ya farke shafin, ya zare soson gaba ɗaya ya jefar. Ya yi ta zuwa yana aunawa a jikin akwatin yana dawowa yana zanawa. Da ya ɗauki almakashi na kawar da kai, amma na ji sautinsa cikin atamfar. Ya yanke bayan kusan duka, ya buɗe manyan tagogi a gefe biyu, ya hau keke ya kalmashe bakunansu. Abin da ya rage bai fi mayafi ba, yana rufe sama ya sauko gaba kaɗan. Ƙyallayen da ya yanke, masu tsuntsaye, ya tattara su ya mayar ƙasan akwatinsa. Ya ɗora sabuwar rigar, ya sake kai hannu baya ya ji iskar tana fita. Ya juyo ya ce, "To, Metir, a duba ko ta yi."

Da wasa ya faɗa, amma sunan ya zauna. Ya samu abin da zai kira ni da shi wanda al'ada ba ta hana ba. Metir, kawo ruwa. Metir, an kira salla. A shago ma haka, har maƙwabtansa suka ɗauka. Da Kawu ya dawo ya iske amanarsa tana gunji, ya kai ni wurin wani abokinsa mai gyaran na'urorin ofisoshi a Filato, in riƙa zuwa bayan lakwal. Baba ne ya ce in je. Daga nan Kwatano, daga Kwatano Legas, daga nan sauran duniya. Na koyi Zabarmancin da ya gagare ni ina yaro, na ƙara da Turanci da Larabcin ciniki da ɗan abin gaisuwa na mutanen Sin. An kira ni da laƙabi iri-iri a harsunan nan. Idan na bugo waya shagon maƙwabcinsa aka kira shi, abin da yake fara cewa shi ne, "Metir, can akwai zafi?" Ina Dubai ya rasu, na iso an riga an kai shi.

Yanzu na dawo Yamai da furfura, ina zaune a gida mai ɗakuna fiye da bukatata, 'ya'yana suna ƙasashen da ni ma na taɓa zama baƙo a cikinsu. Na'urorin yanzu ba su cika gunji ba, wasu ma ba fanka a cikinsu, mutum zai yini da su ɗaki shiru. Keken Baba yana kusurwar ɗakina, na lulluɓe shi da rigar nan mai tagogi, ba ta rufe shi duka amma ita nake so a kai. A unguwa Alhaji ake ce mini, samarin Wadata su ce Baba. Wanda ke ce mini Metir babu shi. Tun da na soma zuwa Filato ban sake zama a kan ɗan bencin shagonsa ina ɗinka maɓalli ba, shi kuma har ya bar duniya bai zaunar da kowa a wurin ba.